Ƙasar Bayan Gidan Eno Gyamfua

A garinmu, nan yankin Ahafo, duk wanda zai sari sabuwar gona wajen Eno Gyamfua yake fara zuwa. Takan zaga bayan gida da adda, ta tono 'ya'yan agade biyar daga gindin iyayensu, ta miƙa da ƙasarsu a jiki. Ba ta karɓar komai. Irin mahaifiyarta ne, dogayen nan masu daɗin fufu, kuma a wurinta ƙasar da ke manne da saiwar ita ce albarkar.

Ni ne akawun ƙungiyar manoma. Duk lokacin da aka yi iska, ni nake zagayawa in rubuta agaden da ya faɗi. Shekara uku ina ganin abu guda: gonaki goma sha tara ne suka fi zubewa, kuma dukkansu daga bayan gidan Eno irinsu ya fito. Malamar gona ta tsaga mini saiwa ɗaya, cikinta ya yi baƙi ya ruɓe. Ta ce tsutsa ce da ido ba ya gani, a ƙasa da saiwa take bi daga gona zuwa gona. Maganinta a feraye gindin har ya yi fari, a tsoma shi a tafasasshen ruwa na daƙiƙa talatin, sannan a shuka a sabon wuri.

Na kai wa Eno maganar tana shanya 'ya'yan koko.

"Akawu, kai da farcenka bai san ƙasa ba? In dafa 'ya'yan uwata? To kawo manja da barkono mu ci gaba ɗaya."

"Eno, ba dafawa ba ce, tsomawa ce."

"Tsoma alƙalaminka."

Ban ambaci gonakin nan ba. Na kasa.

Ran sha ɗaya ga Afrilu aka yi iska da la'asar. Cikin gindi sittin da biyu na bayan gidanta, tara suka rage a tsaye. In waɗannan suka bi, irin mahaifiyarta ya ƙare. Washegari ta zo ofishina, ba ta zauna ba.

"Gonata kaɗai ce?"

Na buɗe littafi na karanta mata sunayen masu gonakin nan. Tun a na huɗu ta gane, ta ci gaba da faɗinsu kafin in kai.

"Ashe ni na raba musu," in ji ta.

Ranar Asabar ta ɗora rabin durom na ruwa a murhu har ya tafasa. Ta feraye 'ya'ya ashirin da shida da hannunta, ta zuba a kwando. Na miƙa agogona, ta ture. Da kwandon ya nutse sai ta fara jero sunayen mutanen nan goma sha tara, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Tana kai na ƙarshe ta ɗaga. Na saci kallon agogo: talatin da biyu.

Ta shuka su a tsohuwar saurar ƙanenta, inda aka daɗe ba a noma ba. Ashirin da ɗaya suka tsiro. Daga nan ta bi gidajen mutanen nan da durom ɗinta, wasu suka karɓe ta, biyu suka ƙi.

Har yanzu biyar take bayarwa, farare tas. Bara wata jikar maƙwabciyarta ta zo karɓa, ta jujjuya nata ta ce, "Kaka, ina ƙasar albarkar?"

"Uwarki ta samu nata da ƙasar," in ji Eno. "Je ki tambaye ta yadda ta ƙare."