Allin da na ara wa Kaka

Jiya wata tsohuwar mota ta wuce ni a unguwar Amutive, injinta na kas-kas kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Na san wannan ƙara: sarƙar cikin inji ce ta saki. Nan take na tuna da Kaka.

Kakana bakanike ne a Zongo, a gindin mangwaron ƙofar gidanmu. Yana da wata tsohuwar mota mai ɗaukar atamfofin 'yan kasuwa zuwa kasuwar Asigame, ta girmi babana, amma ba ya yarda a ce mata tsohuwa. Ni yake kira amaryarsa, kullum yana tsokanata wai ban iya ko dama koko ba.

Daminar da nake shekara tara, kawunnaina suka fara ƙus-ƙus cewa idonsa ya yi rauni, ya kamata ya huta. A daidai lokacin sarƙar motarsa ta fara ƙara. Ya buɗe gaban injin zai sauya tandar, ɗan ƙarfen da ke danne sarƙa ta yi tauri. Ya ari allina na lakwal, wato makaranta, ya yi ɗigo a sarƙar, ya yi wani a kan haƙorin giya, ya ce nan za su sake haɗuwa, in aka kuskure haƙori ɗaya inji ya rikice. Ya cire sarƙar, ya tafi sallar azahar.

Ni kuwa da rawar kai, na leƙa, na shafa giyar, ɗigon ya bi yatsana. Tsoro ya kama ni. Na ɗauki allin na sake ɗigawa inda nake zato.

Ya dawo ya haɗa komai a natse. Motar ta yi tari, ta yi harbi, ta mutu, a gaban kawunnai da maƙwabta. Babban kawuna ya kira wani matashin bakanike, ya duba ya ce haƙori ɗaya aka tsallake. Kaka ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

“Shekara arba'in ban taɓa ba,” ya ce. “To, idon ne.”

Ranar ya miƙa wa kawunnaina akwatin sifanunsa, ya bar aikin. Ina tsaye a wurin, bakina ya ƙi buɗuwa, don bulala nake tsoro. Wallahi har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Yanzu an sare mangwaron, 'yan zemijan masu haya da babur ke ajiye baburansu a wurin, Kaka kuma ya rasu, babu sauran wanda zan faɗa wa ya gane. Da idon Kaka ya tafi da gaske bayan shekaru, ni na riƙa jan hannunsa zuwa masallaci, ana ta yaba mini. Kullum a bakin ƙofa yakan ce Allah ya saka mini da irin abin da na yi masa. Ban taɓa iya cewa amin ba.