Wuƙa Shida Daga Hannun Taubashina

Shekara guda bayan mun baro garinmu a ƙasar Zurmi, aka ba ni mutum shida in kwana da su a daji. Ma'aikatan lafiya ne masu kai allurar rigakafi ƙauyuka. Babur kan lalace musu a hanya, rana ta faɗi suna inda ba gida. Shugabansu ya ji an ce na daɗe ina farauta, ya same ni inda nake gadi a Kaura Namoda, ya ce in koya musu yadda mutum ke wayar gari a daji lafiya. Na ce to, amma kowa sai da wuƙarsa.

Wuƙa ba ta da wuyar samu a kasuwar Kaura. Ni dai akwai wanda ke raina.

Taubashina maƙeri ne, ɗan goggona. Tare muka tashi, tare muka gudo. Ya bar kayan aikinsa a garin, har da uwar maƙerar da ya gada wurin ubansa, don ba a gudu da ita a ka. Ya sauka Shinkafi gidan ɗiyarsa, tun ranar bai hura wuta ba. Zama yake a zaure daga safe har magariba. Ɗiyar ta aiko mini cewa ko tuwo loma uku yake yi ya ture. Na san irin wannan zaman. Na ga mutum biyu sun yi shi, duka ba su ga damina ta gaba ba.

Lallashi ba ya kama shi. Sau biyu na ce ya koma aiki, ya ce ƙira ta ƙare. Don haka na je wurin wani mai sayar da kayan ƙarfe, na aro wuƙaƙe goma irin na kamfani, masu ƙyalli, ɗaya har da haƙora a bayanta kamar zarto. Na ƙulle su a buhu na shiga motar Shinkafi.

Na same shi inda aka ce, ya jingina da bango, ya rame.

"Bawana, tashi ka yi mini aiki," na ce.

"Wa ya 'yanta ka, har ka samu bawa?"

Na zazzage buhun a kan tabarma. "Baƙi zan kai daji. Zaɓo mini shida."

Ya daɗe bai taɓa su ba. Can ya ɗauki ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta a dakali, ya kara a kunne. Ya ja kaifin a farcen babban yatsansa. Ya ajiye ya ɗauki wata.

"Wagga gwangwanin madara ce. Wagga ƙotarta roba, hannu na yin zufa ta zame ta yanki mai ita. Wagga kuwa ta yanka albasa, in albasar ta yarda."

"Ni na ga suna da kyau," na ce. "Mai haƙoran nan ma nake so wa kaina."

Ƙarya na yi. Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun shigowata.

"Tun kana saurayi kake riƙe da wuƙata, ashe ba ka koyi komai ba. Da waɗanga za ka kai ɗiyan mutane daji? Kwashe su. Kawo mini hannuwansu."

Na koma Kaura na mayar da kayan aro. Wurin masu gwangwan na samo guntun ƙarfen dogo a madadin uwar maƙera, da sifirin ɗin mota guda biyu na yin wuƙaƙen, na kai Shinkafi. Wani maƙeri a unguwar da ya sauka ya ba da aron zugazugi da awartaki da masaɓa, ɗiyar taubashina ta nemo gawayin ƙirya. Da taubashina ya ga ƙarfen dogon sai ya yi tsaki, ya ce a kan wannan abin ko allura ba a ƙerawa. Amma shi ya tona masa wuri a gindin dalbejiya, ya daidaita shi da hannunsa, bai bari na taɓa ba.

Ranar Asabar na kawo mutanen. Haka aikinsa yake tun a gida, ba ya ƙera wuƙa sai ya ga hannun mai ita. Ya kwaɓa laka, ya ba kowa dunƙule, ya ce a matse da ƙarfi a ajiye. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba sawun yatsu.

Shugaban ƙato ne. Ya ce shi doguwa yake so, irin ta mafarauta.

"Likita, jikinka babba, riƙonka na mai biro," in ji taubashina. "In na ba ka doguwa, ita za ta riƙa jan ka. Taki guda ya ishe ka."

Mace ɗaya ce a cikinsu. Ya juya lakarta sau biyu, ya dube ta.

"Malama, sake matsawa da hannun da kike aiki da shi."

Ta yi dariya tana rufe fuska. Ta ce bahaguwa ce, tun tana ƙarama ake bugun hannun har ta saba miƙa dama a gaban manya. Ya ce manya ba za su bi ta daji ba. Ta matsa da hagu, sawun ya fito sosai. Tata ya karkatar da kaifinta ta ɗaya gefen.

Kwana huɗu muka yi, ni ke zuga, shi ke bugu. Ranar farko yana bugu goma sai ya huta. Yana zagina cewa iskata ba ta kai ta tsohuwa mai fifita wuta ba. Da azahar ɗiyarsa ta kawo fura, ya shanye kwanon, ya tambaya ko da saura. Ta juya da sauri don kada ya ga idonta. Ƙotocin na marke ya yi, badukun unguwa ya ɗinka kube. Wuƙaƙen baƙaƙe ne, ba mai ƙyalli ko ɗaya, kowace da tsawonta.

Ba mu yi nisa ba, don dajin yanzu ba na da ba ne. Wata fadama muka sauka ta wajen Ɗan Isa, da sanin masu gari. Kafin la'asar na sa suka sari sanda, suka kafa bukka, suka ja ƙaya suka kewaye wurin. Na nuna musu saiwar da ake tonowa a ci da wadda ake bari, da yadda ake fere itace don wuta ta kama ko da ya jiƙa. Ba wanda ya yanke, ba wanda hannunsa ya tashi. Da gari ya waye Malama ce ta fi kowa tara itace. Likita dai ya sari dutse a cikin yashi, bakin wuƙarsa ya ɗan ɓalle.

Na kai wa taubashina ita, ina tsammanin faɗa. Ya duba ɓallin, ya ce laifin ƙarfen dogon ne, ya ce in zauna in yi zuga. Muna cikin gyaran wani manomi daga Katuru ya tsaya da fartanyarsa a hannu, ya tambaya ko ana karɓar aiki. Taubashina bai ɗago ba, ya ce ya ajiye a nan ya dawo jibi.

Har yau bai kashe wutar ba. Ba mu koma garinmu ba, ban sani ba ko za mu koma. Ina nan Kaura Namoda ina gadina, duk ranar da na samu hutu ina Shinkafi a gindin dalbejiya ina yi masa zuga.