Kifin da Ya Harbi Inna

Shekaru sun tura, abubuwa da yawa sun shige mini, amma ranar da kifin da na kawo gida ya harbi mahaifiyata tana nan daram a raina, kuma na san da ita zan mutu.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Samaru, ban daɗe da aure ba. Ni mutum ne mai rawar kai, in na ƙwallafa rai a kan abu ba na jin kira. A shagon wani mutumin kudu a Sabon Gari na fara ganin kifayen teku cikin akwatin gilashi, ni da ban taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Nan take na kamu. Na haɗa nawa akwatin a falo, na sayi gishirin da yake kawowa daga Legas, na auna na dama, na kunna famfon iska. Ya ce sai ruwan ya yi wata guda yana juyawa kafin a saka kifi. Matata ta yi ta tsokanata, wai mutane na kiwon kaji ni ina kiwon ruwa.

Da lokaci ya yi, na zaɓi wani mai zanen ja da fari, ƙayoyinsa dogaye a baje kamar mafici. Mai shagon ya riƙe ledar bai saki ba.

"Malam, wannan ba na ɗan koyo ba ne o," in ji shi. "Ƙayar nan akwai dafi. Gaya wa mutanen gidanka, kar kowa ya sa hannu."

Na ce to. Amma tun a hanya na ƙudurta ba zan faɗa ba, don na san in matata ta ji kalmar dafi, kifin ba zai kwana a gidan ba.

Bayan sati biyu Inna ta zo mana daga ƙauye. Tsohuwa ce da ba ta iya ganin datti ta ƙyale. Ranar Asabar da hantsi ina wanke babur a waje, ta ga gansakuka ta fara rufe gilashin, sai ta ɗauki soso ta zura hannu. Ita da ta tashi tana kama tarwaɗa da hannu a fadama, ina za ta ji tsoron kifi?

Ban taɓa jin Inna ta yi ƙara irin ta ranar ba. Na tarar da ita a ƙasa, gumi na keto mata, yatsunta sun fara kumbura. Ta ce, "Auta, abin yana hawa kafaɗata." Sai ta kama kalmar shahada. Na ji a raina na kashe uwata.

Maƙwabta suka cika falon. Aka ɗaure mata dantse da ɗankwali kamar wadda maciji ya sara, wani dattijo ya fito da sabuwar reza zai tsaga wurin. Na kira mai shagon a waya, na gaya masa halin da ake ciki.

"Kwance ɗaurin, kar a yanka," ya ce. "Ta tsoma hannu cikin ruwan zafi, iya wanda kai za ka jure. Sannan asibiti, yanzu yanzu."

Matata ta ɗora ruwa a risho, ni kuma ina tsaye ina kallon ƙirjin Inna, ina tsoron kada numfashin ya tsaya. Haka muka tafi asibitin Shika a motar maƙwabci, hannunta cikin bokiti. Likita ya tambaye ni sunan kifin, ashe ko sunansa ban riƙe ba. Aka yi mata allura, aka kwantar da ita saboda jininta ya hau.

Bayan la'asar raɗaɗin ya lafa. Ta buɗe ido ta dube ni.

"Auta, ka san yana harbi?"

Na sunkuyar da kai. "Na sani, Inna."

Ta ce, "Gara da ni ce, ba yarinyar nan mai juna biyu ba."

Matata na zaune a bakin gadon, ta ji komai. Na so a ce duka Inna ta yi mini.

Washegari na mayar da kifin Sabon Gari. Har yau ina kiwon kifin teku, ƙanana marasa cutarwa. Amma tun daga ranar, duk abin da na ji ina son ɓoye wa iyalina haɗarinsa, na san bai cancanci ya shiga gidana ba.