Sandar Kawu

Ko da na manta komai na ƙuruciya, ba zan manta da shekarar da kawuna ya mayar da ni sandarsa ba.

A lokacin garinmu Suleja ana kiransa Abuja. Ina aji uku a sakandare, kuma ni ne gwanin jifan mashi na makarantarmu, kaina duk ya kumbura. Da yamma in yi jifa a fili, ranar Asabar kuma in bi magina a unguwar Magajiya ina cilla musu tubali kan katanga, wai ina ƙara wa hannu ƙarfi. Ashe kashe shi nake yi. Kafaɗata ta dama ta fara ciwo, har ta kai ko riga zan sa sai na ciji leɓe. Malamin asibiti ya ce in huta wata uku, in ba haka ba hannun ya tashi daga aiki. Na ce masa to, washegari na koma fili, domin saura wata biyu gasar Minna.

A wannan makon aka dawo da Kawu daga Zariya, inda aka yi masa aiki a ƙashin baya bayan ya faɗo daga kan gini. Likita ya ce ya riƙa takawa kullum, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Aka sassaƙo masa sanda, ya ce a kai kasuwa.

"Ni ba tsoho ba ne," in ji shi. Ya nuna ni. "Kai ne sandata, kullum bayan la'asar."

"Kawu, ai lokacin atisaye ne."

"To je ka. In na faɗi, sai ka gaya wa uwarka dalili."

Haka ya dinga dafa kafaɗata ta hagu. Ranar farko iyakarmu bakin zaure, gumi na zubo masa. Bayan mako muka kai masallaci, daga baya har bakin kasuwa. Gasar Minna ta wuce ina ja masa gora, na shiga ɗaki na sha kukana. Na ji haushinsa ba kaɗan ba.

Wata safiya aka tashe mu da wuri daga makaranta. Ina karyo kwana sai ga Kawu yana tafe gadan-gadan shi kaɗai, har da rake a hannu.

"Kawu!"

Ya tuntsire da dariya. "Na fi wata guda ina tafiya da ƙafata. Ɗaga hannun in gani."

Na ɗaga har sama, ko ɗigon zafi babu.

"Madalla. To ni ma na sallami majinyacina."

Da shekara ta zagayo na je Minna da wannan hannun, kuma yau da shi nake ɗaga jikokina. Tun ranar na gane cewa hutu ma atisaye ne, kuma wani lokaci wanda kake zaton ya jingina da kai, shi ne yake riƙe da kai.