Wai Kwamfutar Rabi Ta Mutu

Jama'a, yau na hana a binne mai rai a Boɗinga!

Jikata Rabi tana cikin sabunta wa kwamfutarta ƙwaƙwalwa anka ɗauke wuta. Tun daga nan allo ya yi baƙi ƙirin. Ga aikin gama karatunta a ciki, jibi za ta miƙa shi. Munka kai wa mai gyara. Ko buɗe ta bai yi ba yac ce, "Inna, wagga ta mutu. Ku bar min in cire kayan ciki."

Nac ce ya kunna ta. Da na kara tafin hannu a gefenta, sai na ji iska mai ɗumi tana fita.

Nac ce, "Ɗan nan, ni ke wankan gawar mata a Lambara. Ban taɓa wanke mai numfashi ba. Buɗe ta gabana."

Na zauna bakin ƙofa na tsare shi da ido. Yana ƙunƙuni ya maƙala mata wata waya a ciki, ya mayar mata da tsohuwar ƙwaƙwalwarta. Kafin la'asar allo ya kawo haske!

Yac ce, "Sa'a ce, Inna."

Nac ce, "Rabi, ɗauki abinki tun bai yanko mata likkafani ba."