Saura Finafinai Sittin da Uku

A ɗakin jiran likitan ido, wata dattijuwa na zaune kusa da ni, ta danne wani tsohon littafin rubutu a cinya. Jifa-jifa takan rufe idon hagu da tafin hannu ta dubi agogon bango, sai ta sauke hannun da sauri kamar ta taɓa wuta.

Can ta miƙo min littafin. "Ɗan nan, duba min inda na tsaya."

Sunayen finafinai ne a jere. Rubutun shafukan farko ƙanana ne, na baya-bayan nan kuwa manya, har suna hawa kan juna.

"Na marigayi maigidana ne, akwati guda ya bari. Kullum ina kallon ɗaya. Yanzu fuskokin sun fara dushewa, da murya nake gane mutum."

Na ƙirga, saura sittin da uku. Ina jin ita kaɗai take kallonsu, a kujerar da ya saba zama.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira ta. Ba ta tashi ba, sai ta riƙe hannun rigata.

"In ya ce aiki za a yi min, kana ganin zai bari in gama tukuna?"