Harawar Malam Haladu ta shiga gida

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita ofis aka kira ni daga garinmu Lakwaya: Malam Haladu ya rasu jiya da hantsi, an kai shi makwancinsa bayan Azahar. Rashin netwok ne ya hana ni ji da wuri.

Shi ne maƙwabcin gonarmu. Tun da mahaifinmu ya rasu, aikin jarida kuma ya riƙe ni a Kano, shi ke leƙa mana shuka ba tare da kowa ya roƙe shi ba. In na je gida ba na dawowa sai da ƙunshin gyaɗa a mota. In na yi godiya ya ce ta yara ce, ni ɗan aike ne kawai.

Makon jiya muka rabu a gonarsa. Bana ruwa ya ɗauke da wuri, wake ya yi fure ya zubar. Na same shi yana yanke shi ɗanye. Ya ce waken dai an rasa, amma ganyen zai riƙe awakin matarsa, Inna Rabi, har ƙarshen rani, kuma da awakin nan take riƙe gidan. Na ji yana tari, na shiga tambayarsa ko ya je asibiti.

Ya ce, "Ɗan jarida, in ka gama tambayoyin, ga lauje can a gindin gawo."

Na bar shi yana shanya harawar a ƙasa.

Harawar nan ce ta faɗo mini a rai yau bayan na yi masa addu'a, don jiya da yamma an tafka ruwa a Kano bayan an fid da rai. Harawar da ruwa ya doka a shanye baƙi take yi, ta yi funfuna, dabba ba ta kallonta.

Na kira ƙanensa Sani. Ya ce suna dawowa daga maƙabarta suka ga hadari ya haɗo daga gabas. Liman ya tsaya ya ce zaman makoki zai jira. Da kayan jikinsu suka wuce gona, masu naɗewa na yi, masu ɗauri na yi, aka kawo amalanke. Ba su ɗora ta a bishiya kamar yadda aka saba ba, zaure suka cika da ita. Yayyafin farko a ƙofar gida ya same su.

Yanzu haka masu ta'aziyya a gefen harawar suke zaune.

Sani ya miƙa wa Inna Rabi wayar. Na yi mata gaisuwa, ta ce da safen nan ta warware dami ɗaya ta zuba wa awakin, sun cinye tas. Na yi hamdala.

Allah Ya jiƙan Malam Haladu, Ya yafe masa, Ya ni'imta kabarinsa, Ya saka wa mutanen Lakwaya da alheri. Duk wanda idonsa ya kai nan, don Allah ya sa shi a addu'a.